A riƙa nuna wa yara zane kullum, ko na minti goma ne

Malam Edita, assalamu alaikum, barka da aiki. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da malaman firamare da iyaye.

Darasin zane da al'adu a makarantunmu wallahi ya koma kwafar allo, malam ya rubuta ma'anar zane yara su kwafa su haddace su zuba a jarrabawa shi ke nan, yaro sai ya gama aji shida bai taɓa ƙura wa abu ɗaya ido ya faɗi abin da ya gani da bakinsa ba. Ni shawarata kullum da safe kafin a fara karatu a ajiye musu abu guda su kalla, malam ya ja bakinsa tukuna, can sai ya ce me kuka gani, kuma me ya sa kuka ce haka?

Ba sai an kashe ko sisi ba fa. Ciro naira ashirin ka juya bayanta, ga Ladi Kwali nan tana ginin tukunya, matar da ta rasu tun 1984. Tambaye su me ya sa aka sa mai ginin tukwane a jikin kuɗi, wani zai ce ai mai kuɗi ce, wata ta ce a'a dubi hannunta aiki take, gardama ta kaure, toh ai gardamar nan ake nema, kowa sai ya kawo hujja daga cikin hoton. Gobe a kawo hula zanna bukar su nemo inda zanen yake maimaita kansa, jibi babbar riga mai aska takwas ko ƙwarya mai zane, daga nan a ba su takarda kowa ya ƙirƙiro nasa.

Masu ƙyamar hoton abu mai rai su kwantar da hankali, yawancin namu dagi ne da zayyana. 'Yan Kano ga Gidan Makama ga marinar Ƙofar Mata, mu nan Zariya ga masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, a ɗauko a waya a nuna musu.

Abu ɗaya nake roƙon malamai, in yaro ya faɗi nasa kar a daka masa tsawa a ce ba haka ba ne, a ce nuna mana inda ka gani. Hedimastoci ku gwada ko na zango guda ne.

Naka,
Wani malamin firamare, Zariya