Finafinan ƙauyen Telugu ba sara da suka kaɗai ba ne

Ya Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan finafinan ƙauye na harshen Telugu na kudancin Indiya da matasanmu suka rungume, musamman Narappa na 2021 wanda Venkatesh ya fito a ciki. Duk wanda na ji yana ba da labarinsa, wurin adda da ɗaukar fansa yake tsayawa, sai ka ji ana cewa ai rigimar mai kuɗi da talaka ce. Wannan ne ya dame ni, domin abin ya wuce talauci.

A fim ɗin, yarinya ta sa takalmi, sai aka yi mata duka, aka tilasta mata ɗora shi a ka ta ratsa gari da shi. Laifinta kawai gidan da aka haife ta. Shi jarumin fim ɗin kuwa, dattijo da furfurarsa, gida-gida ya bi yana faɗuwa ƙasa a gaban mazan ƙauye don a sakar masa ɗa. Ni nan ne zuciyata ta karye, ba wurin faɗa ba. A tsarin aji-aji na gado a Indiya, ɗan Dalit, wato wanda aka haifa a ajin da ake ɗauka mafi ƙasƙanci, ko ya yi arziki ana ƙyamar ruwan da ya taɓa.

Kuma ba ƙage ba ne. A Karamchedu ta jihar Andhra Pradesh, ranar 17 ga Yuli 1985, masu gonaki 'yan ajin Kamma suka far wa unguwar 'yan Madiga, wani rukuni na 'yan Dalit, suka kashe mutum shida. Mafarin rikicin shi ne wankin ɓauna da wani saurayi ɗan Kamma ya yi a bakin tafkin da 'yan Madiga suke ɗibar ruwan sha, aka yi masa magana. A Tsunduru kuma, ita ma a wannan jihar, cikin Agustan 1991, an kashe 'yan Dalit takwas, aka cusa wasu gawarwakin a buhu aka jefa magudanar ruwa. Sai 2007 kotu ta musamman ta yanke wa mutum 21 ɗaurin rai da rai, amma a 2014 babbar kotun jihar ta sallame su. Duk wannan kuwa tun 1950 kundin tsarin mulkin Indiya ya haramta wannan ƙyama, ga kuma dokar 1989 da aka yi don kare su. Wanda ya yi shekara ashirin yana jiran kotu ya ga haka, me zai hana shi yin tafi in jarumi ya zare adda?

Roƙona ga masu fassara mana finafinan nan, don Allah su daina cusa barkwanci a irin waɗannan wurare, su faɗi dalilin wulaƙancin kamar yadda yake. Ku ma a shafinku na nishaɗi, idan za ku yi sharhi, ku haɗa mana da tarihin ƙauyukan.

Taku,
Wata malamar makaranta mai bibiyar jaridarku