Ayetoro: garin masuntan da teku ke cinyewa

Assalamu alaikum Edita. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani gari da ba kasafai ake jin sunansa a kafafenmu na Hausa ba, wato Ayetoro da ke ƙaramar hukumar Ilaje a jihar Ondo, can bakin teku.

Ni sana'ata saro banda da jatan lande in kawo Kano, kuma na daɗe ina bin wannan hanyar, sai ka sauka daga mota ka hau kwale-kwale mai inji kafin ka isa. Gidajensu na katako ne an kafa su kan turaku saboda ƙasar duk laka ce, hanyar cikin gari ma katako aka shimfiɗa.

Zuwana na ƙarshe wallahi jikina ya yi sanyi. Akwai wata dattijuwa da nake sayen kifi a wajenta tun ina yaron kasuwa, Mama nake ce mata, na nufi inda na saba samunta tana banda sai na ga ba layin gaba ɗaya, ruwa ne kawai ke ta dukan wasu guntayen turaku da suka leƙo. Da kyar na gano ta a ɗakin ƴar'uwarta can baya, ta kama hannuna ta fito da ni ta nuna min cikin teku tace Alhaji ga ɗakina can, ga wajen murhuna. Ban iya ce mata komai ba. Ƴaƴanta maza duk sun tafi Legas, kuma haka abin yake gida-gida, tsofaffi da mata aka bari.

Kuma fa ba ƙauyen banza bane. A 1947 wasu mabiya cocin Holy Apostles suka kafa shi, suka haɗa dukiya da aiki wuri ɗaya, suna ƙera jiragen ruwa da kansu, har wutar lantarki suka samar ma kansu tun kafin ƴancin kai lokacin da manyan garuruwa da yawa ke kwana da fitilar kwai. Yau makarantar yara ma sai da aka yi ta matsar da ita saboda ruwa, gishiri ya shiga ruwan sha, ga tsadar fetur tun 2023 ta sa masunci ba ya iya nisa cikin teku. Mutanen garin na ɗora laifi kan haƙar mai da ake yi a yankin, wasu su ce sauyin yanayi ne. Hukumar raya yankin Neja Delta, wato NDDC, ta bada kwangilar kare gaɓar a 2004, aka sake badawa a 2009, ni dai da idona ban ga katangar da ta tare ruwa ba.

Mu ƴan arewa bai kamata mu ce ina ruwanmu ba, mun ga yadda Tafkin Chadi ya ja baya ya bar masuntan Baga suna bin ruwa, to su nan ruwan ne ke bin su har cikin ɗaki.

Roƙona Edita ku tura wakili ya shiga kwale-kwalen nan ya ɗauko hotuna, ya kuma tambayi hukuma ina aka kwana a maganar kwangilar, kafin damina mai zuwa ta ɗauke layin da Mama ta koma.

Naku,
Wani mai sana'ar kifi daga Kano