Amsa ga ƙanena kan gidan Villa Mairea

Salamu alaikum ƙanena,

Ka tambaye ni a bainar jama'a wai me ya sa kullum in zan ba ɗalibai misalin gida mai kyau sai na ɗauko Villa Mairea, gidan hutun wasu attajirai can ƙasar Finland, alhali kai a ganinka almubazzaranci ne kawai na waɗanda kuɗi ya yi wa yawa. To tunda a fili ka yi tambayar bari in amsa a fili.

Maganar kuɗi dai ba musu, akwai su kam. Antti Ahlström ne ya kafa kamfanin zuri'ar masu gidan tun 1851, harkar katako da ƙarfe da jiragen ruwa, ya zauna a garin Noormarkku kusa da Pori ya gina ƙaton gidansa Isotalo a 1881, ɗansa Walter shi ma ya gina nasa Havulinna a 1901 duk a fili ɗaya. Sai aka zo kan Maire 'yar Walter, wadda ta koyi zane a Faris, mijinta Harry Gullichsen kuma shi ya karɓi ragamar kamfanin a 1932. Su ne suka kira Alvar Aalto da matarsa Aino, ita ma mai zanen gine-gine ce, aka gina gidan tsakanin 1938 da 1939 don hutu da saukar baƙi. Dama sun san juna, tare da Maire suka kafa kamfanin kujeru na Artek a 1935.

Abin da ya sa nake yawan kawo shi, mutanen nan ba su ce wa Aalto ka yi mana irin na wane amma ya fi nasa girma ba, cewa suka yi ya ɗauki gidan a matsayin wurin gwaji. Shi kuwa ya gwada ɗin sosai, har an riga an haƙa fandisho ya dawo ya ce fulan ɗin bai kwanta masa ba ya sake zane, suka yarda! Kai da ka fara shiga harkar nan ka san yadda mai gida ke yin fuska in ka ce a matsar da taga ɗaya ma.

Kuma dan Allah ka nemi hoton falon ƙasa ka kalla da kyau. Ginshiƙan ƙarfe ne baƙaƙe siraran gaske, wani shi kaɗai wani biyu a manne, an naɗe su da irin karan nan mai lanƙwasa da ake saƙa kujeru da shi, gefen matakalar bene kuma sanduna ne na katako a tsaitsaye ba a jera su daidai ba da gangan, don in kana ciki ka ji kamar dajin da ke waje ne ya biyo ka har falo. Gidan ya yi kwana kamar harafin L ya rungumi tsakar gida, a nan ga wurin ninƙaya mai lanƙwasa, ga ɗakin wankan zufa da suke ce wa sauna, na katako, an shuka ciyawa a rufinsa irin na manoman ƙauyensu. Attajiri ne fa, amma bai ji kunyar rufin ciyawa ba.

Inda nake ba ka gaskiya shi ne batun ma'aikata. A daidai wannan lokaci Aalto ne ya zana masana'antar Sunila a Kotka inda ake sarrafa itace don yin takarda, har da gidajen ma'aikatanta, daga baya kuma ya zana wa kamfanin Ahlström ƙananan gidajen katako da ake haɗawa a masana'antarsu ta Varkaus a kai a kafa. Aalto da su Maire a tunaninsu abin da aka koya a gidan mai kuɗi zai gangaro kan na talaka. Wani abu ya gangaro, haske da iska da zama cikin itatuwa, amma a Sunila ɗin ma gidan manaja daban, na injiniyoyi daban, na lebura daban, ba wanda ya haƙa wa lebura wurin ninƙaya. Wannan ba zan rufe shi ba don ina son ginin.

Ba su ma daɗe da gama Villa Mairea ba Tarayyar Sobiyet ta afka wa Finland a ƙarshen Nuwamba 1939. Harry ya rasu a 1954, Maire ta kai har 1990, ɗansu Kristian shi ma ya zama mai zanen gine-gine sananne a ƙasar. Yanzu wata gidauniya mai sunan gidan ke kula da shi, ana shiga kallo in an nemi izini tun kafin a je, ɗalibai irinka su ke tururuwa da littafin zane a hannu.

Wassalam,
Yayanka.