Malam Edita, ina labarin Peggy?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina gaisuwa, ya aiki. Ni dai ma'abociyar shafinku na adabi ce, kwanan nan na tsunduma karatun littattafan Turawa na soyayya da leƙen asiri da ake ginawa kan yaƙin neman 'yancin Amurka daga Ingila, 1775 zuwa 1783, shi ne na ce bari in kawo ƙorafina.

Yawancin marubutan da suka taɓo 'yan leƙen asirin Culper, waɗanda Benjamin Tallmadge ya haɗa wa George Washington, babban kwamandan sojan Amurka, a 1778 lokacin da sojan Ingila ke riƙe da New York, sai ka ga sun ƙaƙalo wata kyakkyawa mai lamba 355, a haɗa ta da saurayi, a sa ta kuka a kurkuku. Alhali fa a littafin lambobinsu 355 mace kawai take nufi, kamar yadda 711 ke nufin Washington, kuma sau ɗaya tak ta fito a wasiƙar Abraham Woodhull a 1779. Sauran duk ƙarin gishiri ne.

Ga Peggy Shippen kuwa, labarinta ba ya buƙatar gishiri. 'Yar masu hali ce a Philadelphia, ta saba da hafsan Ingila John André lokacin da suka mamaye garin, sai kuma a 1779 ta auri Janar Benedict Arnold na sojan Amurka tana da shekara 18 shi yana 38, ba a jima ba ango ya fara aika wa André wasiƙun sirri har aka yi cinikin miƙa wa Ingila sansanin sojan Amurka na West Point kan fam 20,000. A Satumban 1780 aka kama André da takardun a cikin takalminsa, ran 2 ga Oktoba aka rataye shi. Arnold ya tsere ya bar ta da jariri, ita kuwa baiwar Allah ta dinga ihu kamar mai aljanu har Washington ya tausaya mata. Daga baya Ingila ta yanka mata fam 500 duk shekara, to kyautar me ake mata?

Dan Allah ku ware mana shafi ko na sati biyu kan wannan mata, ko marubutanmu na soyayya za su ɗan huta da rikicin kishiya.

Taku,
wata mai karatu daga Zariya