Wasiƙa zuwa ga iyaye: labarin gwangwanayen da ƴan CM2 (ajin ƙarshe na firamare) ke tarawa

Assalamu alaikum iyayenmu maza da mata, da duk masu riƙon yara. Ya sanyi, ya hazo? Allah ya ba mu wucewarsa lafiya.

Da yawanku kun tare mu a bakin ƙofar lakkwal kuna tambayar abin da ya sa yara ke bin gida-gida a cikin Tawa suna roƙon gwangwanin madara wanda babu komai ciki. Na'urar ɗaukar hoto suke haɗawa da hannunsu, kuma tana ɗauka.

Ana shafe cikin gwangwani da baƙin fenti, a huda gefensa, a liƙa wani ɗan ɓallin gwangwanin lemo da aka tsira da tsinin allura. Hudar ba ta kai rabin milimita ba. Babu gilashi, babu batir. A ɗaki mai duhu, ƙarƙashin jar fitila, ake sa takardar hoto a ciki, a toshe hudar da baƙin salatif. Yaro ya fito fili, ya aza gwangwaninsa kan bulo, ya ɓare salatif, ya ƙirga daƙiƙa talatin zuwa minti guda, ya mayar. In aka wanke takardar da magani sai hoto ya fito, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari.

Makon farko kusan duk takardun baƙi ƙirin suka fito, don haske na satar shiga ta gefen murfi. Wasu kuma ƙura ta toshe musu huda. Yaran da kansu suka gano dalili.

Abin da ya sa muka dage a kan wannan aiki shi ne, shekara da shekaru yaranmu na haddace da Faransanci cewa haske miƙe yake tafiya, su rubuta a jarrabawa, su manta. Ranar da mushe, malamin ajinsu, ya ɗaura farar leda a bakin wani gwangwani suka leƙa, suka ga itacen dogon yaron tsakar lakkwal kansa a ƙasa, ajin ya kaure da kabbara. Wata yarinya ce ta tashi ta zana a allo: hasken saman itacen ya bi ta huda ya sauka ƙasa, na gindin ya hau sama. Ba wanda ya faɗa mata. Wallahi na daɗe ban ji daɗin aikin koyarwa kamar ranar ba.

Mun kuma ba su labarin Ibnul Haisam, malamin da aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. Da ɗaki mai duhu da ƴar huda ya yi gwaje-gwajensa, ya nuna cewa haske ne ke shiga ido, ba daga ido yake fita ba. Hoton da ya fi kowane tsufa a cikin waɗanda suka rage kuwa, wani Bafaranshe mai suna Niépce ya ɗauke shi wajen 1826, sai da farantinsa ya sha aƙalla awa 8 yana kallon taga. Waɗanda suka tuna husufin rana na 29 ga Maris 2006 wataƙila sun ga ɗigon hasken ƙarƙashin itatuwa ya koma kamar jinjirin wata. Kowane tsakanin ganye huda ce irin tamu. Ku ba yaranku wannan labari da bakinku.

Maganin wanki mushe kaɗai ke taɓa shi, kuma mun hana kowa kallon rana kai tsaye. Ku taya mu jan kunne a gida.

Takardar hoto sai an yi saƙonta daga nesa, shi ya sa kowane yaro takarda biyu kawai zai samu. Muna roƙon gwangwanaye masu murfin ƙarfe, don na roba yana barin haske ya ratsa. Ranar Asabar da hantsi za a rataye hotunan a ajin CM2, kowa ya zo. Wanda ke son ɗansa ya ɗauke shi, ya shirya zaman minti guda cur a rana ba motsi.

Wassalam,
Shugaban makaranta