Famfon insulin ya sauƙaƙa min, amma bai warkar da ni ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana kan wani abu da nake ɗauke da shi a ƙuguna dare da rana, yau wata 14 ke nan.

Ina shekara 12 aka gano ina da ciwon suga nau'i na 1, wanda jiki ke daina yin insulin gaba ɗaya, wato sinadarin da ke daidaita suga a cikin jini. Shekara 19 na yi ina tsira wa kaina allura sau 4 a rana, har cinyoyina suka yi kanta. Bara yayana da ke aiki a Ingila ya ɗauki nauyi, likitata ta amince, aka sa min famfon insulin. Bai kai ƙaramar waya girma ba. Wata siririyar roba ce ta taso daga jikinsa ta shiga ƙarƙashin fatar cikina, yana ɗiga min insulin kaɗan-kaɗan ba tsayawa, in zan ci abinci kuma na danna masa ya ƙara. Duk kwana 3 nake sauya wurin da robar ta shiga. Daga allura 12 a kwana 3 na koma tsira ɗaya, kuma Allah ne shaida na gode masa. Gwajin matsakaicin sugan jini da nake yi duk wata uku ya sauko daga sama da 9 zuwa kusan 7, inda likitoci ke so.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da nake ji tun ranar da na dawo gida. A gidan suna, a ɗakin malamai, har a cikin dangi, sai a ce, "Ai an sa mata inji, ta warke." Wata gwaggona da ke ƙaunata ƙwarai ta cika min kwano da alkaki da nakiya, ta ce, "'Yar nan, ci abinki, wahala ta ƙare." Ban warke ba, Malam Edita. Famfon bai san abin da ke cikin kwanona ba sai na gaya masa.

Nan ne aikin yake. Takardun da suka zo da shi lissafin burodi da dankalin Turawa suka yi, babu malmalar tuwon shinkafa, babu masa, babu fura. Sai da na sayi ɗan sikelin kicin, na buɗe littafi, na riƙa auna tuwo ina rubuta yadda sugana ya tashi bayan awa 2. A haka na gane kunun tsamiya na ɗaga min shi nan take, wake da shinkafa da mai kuwa sai can da dare suke nuna halinsu, don haka nake raba musu insulin gida biyu. Wata 3 na yi kafin hannuna ya faɗa.

Sai zafi. A watan Afrilu Kano kan wuce digiri 40, insulin kuwa zafi na kashe masa ƙarfi. Wanda ba a buɗe ba tsakanin digiri 2 da 8 yake so, ga wuta ba tabbas. Ranar da firij ya kwana a kashe, cikin gwangwani nake rufe kwalaben in sa a gindin randa a kan jiƙaƙƙen yashi, kamar yadda mahaifiyata ke yi min tun ina yarinya. Gumi ma yakan ɓamɓare filastar da ke riƙe da robar. Da farko robar famfon takan sarƙe da zanina in na yi ruku'u, sai da tela ta ɗinka min ɗan aljihu a cikin siket. In zan yi wanka nakan cire shi, amma ba na bari ya kai awa ɗaya.

Akwai wani dare da ba zan manta ba. Robar ta lanƙwashe a ƙarƙashin fata ban sani ba. Mai famfo ba shi da insulin mai dogon aiki a jikinsa, in ɗigon ya tsaya ba abin da ya rage. Wajen ƙarfe 3 na farka da ƙishirwa da amai, mitar auna suga ta nuna sama da 400, gwajin fitsari ya nuna gubar nan da ake kira kiton. Maigidana ne ya lalubo tsohon sirinji a durowa da fitilar waya. Ba don shi ba da asibiti za a kwana da ni, ko abin da ya fi haka. Tun daga ranar jakata ba ta rabuwa da sirinji da kwalbar insulin da ƙwayoyin dabino.

Kayan famfon nan, robobinsa da ma'ajiyarsa, da dala ake sayensu, kuma sai mai zuwa daga waje ya riƙo min. Na san gata ne ya ba ni, ba wayo ba. A layin asibiti ina zama da iyaye mata da suka zo daga ƙauye da yaran da ake rage wa allura don kwalba ta kai ƙarshen wata. Na san wata yarinya da aka dakatar da allurarta saboda mai maganin gargajiya da lasifika ya ce zai warkar da ita cikin mako biyu. Ba ta kai mako biyun ba. Tun 1922 aka fara ceton yaro da insulin a Toronto, yau sama da shekara 100, amma har yanzu namu na mutuwa don rashinsa.

Don haka ba famfo nake roƙa wa kowa ba. A 2022 gwamnati ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai suga, kuma dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa. Ina roƙon a ware wani abu daga kuɗin nan a ba duk yaro mai nau'i na 1 insulin da sirinji da tsinken gwaji kyauta. Kai kuma Malam Edita, kafin 14 ga Nuwamba, ranar ciwon suga ta duniya, don Allah ka tura wakilinka sashen yara masu suga na kowane babban asibiti, ya zauna a benci da iyayen nan, ya tambaye su nawa suka kashe a watan jiya.

Wassalam.

Taku,
Wata malamar makarantar sakandare, Gwale, Kano