Wasiƙa zuwa ga aminina ɗan kwana-kwana a Kanada

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya sanyin ƙasarku? Saƙonka ya iso, na ga hoton ɗakin sauna, wato ɗakin zafi da ake shiga don a yi gumi, da aka kafa muku a tasha, da fitilun nan jajaye a jikin bango da ake haska jiki da su don neman lafiya. Na yi maka murna. Sai dai magana ɗaya ta hana ni sakat: wai da ka dawo daga gobara sai ka faɗa ciki don gumi ya fitar da gubar hayaƙi. Don Allah ka bari.

Tsoronku yana da tushe. A 2022 hukumar binciken kansa ta duniya da ke Lyon a Faransa ta sa aikinku a rukunin farko na abubuwan da ke jawo kansa, har da ta mafitsara. Amma gubar da ta riga ta shiga jini, hanta da ƙoda ne ke aikin fitar da ita, abin da ke bin gumi ƙalilan ne. Kuma fata mai zafi ta fi saurin tsotse baƙin da ya manne mata.

Zuciyarka ce ta fi damuna. Ka fito daga wuta ɗauke da kaya masu nauyi, ruwan jiki ya ƙare, jini ya yi kauri, zuciya na dukan uku-uku, sannan ka ƙara mata zafin digiri 80? A Amurka, kusan kashi 45 cikin 100 na 'yan kwana-kwanan da ke rasuwa a bakin aiki zuciya ce ke kayar da su.

Ba ƙin sauna nake ba. A Kuopio ta ƙasar Finland an bi maza sama da 2,300 kimanin shekara 20, sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna masu yawan shiga sun fi ƙarancin mutuwar fuju'a ta zuciya. To, amma a huce suke shiga. Ko sirace a gida, wa ke lulluɓe mutumin da ya dawo gona a galabaice?

Ka goge wuya da haɓa da hannuwa tun a wurin gobarar, ka yi wanka da sabulu kafin awa ɗaya, a wanke hular nan ta wuya. Kayan aiki kuma kada su shiga motar da yaranka ke hawa. Sauna ka bar ta sai ranar hutu, minti 15, da gorar ruwa a hannu.

Jar fitila, in tana sassauta maka ciwon gaɓɓai, yi abinka, ka dai kare idanu. Ni farar fitila mai ƙarfin lux 10,000 (lux ma'aunin haske ne) na fi so maka, minti 30 da safe, saboda aikin dare da duhun hunturunku da ke rikita barci.

Yaushe rabonka da gwajin zuciya? Ka faɗa mini a amsarka. A gaishe da uwargida da yara.

Naka har kullum,
Amininka